Ragon Godiya da Ciwon Hantar Malam

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Ni ba marubuciya ba ce. Malamar Islamiyyar matan aure ce a wani ƙauye kusa da Minjibir, kuma da takaici yana fita da kuka da ban ɗauki biro ba. Na yi kukan har na gaji, bai fita ba. Don haka zan rubuta yadda jinyar maigidana Malam Habu ta kasance, tun daga ranar da idonsa ya canja har ranar da aka fita da shi, ko wanda ke da mai ciwon hanta a gida zai karanta ya shafa wa gemunsa ruwa.

Malam manomi ne na gero da dawa da gyaɗa, irin mutanen nan da ko zazzaɓi ya kama su a gona suke warkewa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a kwance ba. Shi ya sa da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, da na ga ya dawo tun kafin azahar ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, gabana ya faɗi. Na kai masa tuwo, ya yi loma biyu ya ture. Washegari ina toya man gyaɗa, sana'ar da nake yi kullum a gabansa, sai ya ce in yi wa Allah in kai kaskon bayan gida, ƙamshin yana tayar masa da zuciya. Kafin mako ya zagayo fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, farin idonsa ya yi rawaya, har tafin hannunsa.

Inna, mahaifiyarsa, ita ta fara sa wa ciwon suna. Sashenta yana jikin namu, katanga ɗaya ce tsakani. Ta ɗaga fatar idonsa da yatsa ta leƙa.

"Shawara ce," in ji ta. "Kuma kada wanda ya kai min ɗa inda za a soka masa allura. Shawara da allura ba sa haɗuwa, kowa ya sani."

Kowa kuwa ya sani ɗin. A ƙauyenmu ko yaron goye ya ji cewa in aka yi wa mai shawara allura, sai gawa. Ni ma da haka na tashi. Aka fara jiƙe-jiƙe: saiwar rawaya a kunu, ganyen gwanda, ruwan tsamiya, rake safe da yamma. Duk wanda ya shigo dubiya likita ne. Wannan ya ce a hana shi gishiri, wancan ya ce a ƙara masa, wata ta zo da wani gari baƙi a ƙulle ta ce kakanta da shi ya warkar da rabin gari. Malam mutum ne mai kawaici, duk abin da aka miƙo sai ya sha don kada mai shi ya ji kunya. Na taɓa ce masa, "Malam, cikinka fa ba randa ba ne." Ya yi murmushi ya ɗaga ƙoƙon.

Zan faɗi gaskiya game da Inna tun yanzu, don kada mai karatu ya ɗauke ta wata iri. Ita ta raini Malam da yayansa bayan rasuwar mahaifinsu, da surfe da sussuka. A wannan jinyar, tsohuwar nan ita ke riƙe masa kai in yana amai, ita ke wanke kwanon. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sonta ga ɗanta ba shi da iyaka, kuma ba a jayayya da shi, wannan ce matsalar.

Sai da Malam ya kasa tsayuwar sallah, ya yi la'asar a zaune, sannan yayansa, Yaya Sale, mai sayar da hatsi a kasuwar Ɗambatta, ya ce to, ya isa. Ya lallashi Inna da cewa jini kawai za a duba, ba za a sa masa komai a jiki ba. Muka je asibitin kusa da mu, suka ɗebi jini, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce birni.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san haƙuri ba. Layin yankar kati daban, layin ɗaukar jini daban, layin karɓar sakamako daban, kuma kowanne a wani gini. Ka isa taga a ce ba nan ba ne, ka koma can a ce mai aikin ya tafi sallah. Malam yana kwance a kan benci, ni ina riƙe da wurinmu a layi, Yaya Sale yana safa da marwa. Ran farko ba mu ga likita ba, muka kwana gidan wani abokin kasuwarsa. Akuyata ta farko a wannan zuwan aka sayar da ita, kuma ban ji zafinta ba.

Washegari da muka shiga, likitar mace ce, yarinya ƙarama da ita, har na so in raina ta. Allah ya yafe mini, ya saka mata da alheri. Ta duba shi sosai, ta danna cikinsa, sannan ta ja kujera ta zauna kusa da mu.

"Malam, shawarar da ake gani a idonka alama ce kawai," in ji ta. "Ciwon yana hanta. Wata ƙwayar cuta ce, bairos, mu muna kiranta hefataitis B. Ba jiya ta shige ka ba, mai yiwuwa tun kana yaro. Ta jini take shiga, ko askar da aka yi wa wani da ita, ko tsaga. Ta daɗe tana aiki a ɓoye, har ta yi wa hantar tabo."

Malam ya ce, "To likita, a ba ni abin da zai kashe ta in koma gona."

"Akwai maganin da zai danne ta, ƙwaya ɗaya kullum. Amma ka ji ni da kyau, ba a dainawa."

Ni ce na yi karambani. Na ce, "Likita, wane irin magani ne ba ya ƙarewa? Ko zazzaɓin cizon sauro kwana kaɗan ne an gama."

Ba ta ji haushi ba. Ta tambayi Malam sana'arsa, ya ce noma. Sai ta dunƙule hannunta na hagu, ta rufe shi da na dama.

"Hanta an gina ta ne da ƙananan gidaje da ido ba ya gani, ba sa ƙirguwa. A tsakiyar kowane gida akwai rumbu mai katanga, inda ake ajiye irin halittar mutum. Daga wannan irin ake ɗaukar umarnin duk aikin da za a yi a gidan. Rumbun yana da ƙofofi ƙanana, kuma ba a shiga sai da alamar 'yan gida. Ita wannan ƙwayar, in ta biyo jini ta iso hanta, sai ta shige gidan ta ƙofar da aka yi don wani abu na jiki. Tana shiga ta tuɓe rigar waje, ta rage ɗan ƙunshi mai ɗauke da nata irin. A jikin ƙunshin akwai alama irin ta 'yan gida. Ma'aikatan gidan da kansu za su ɗauke shi su kai ƙofar rumbu. A nan ƙunshin zai buɗe, irin ya zube ciki."

"Ba mai korarsa?" in ji Malam.

"Korarsa? Gyara shi ma suke yi. Yana shiga da ɗan gutsure, sai masu gyaran rumbun su ɗauka nasu ne ya lalace, su ɗinke shi ya zama zobe rufaffe. Shi ke nan ya zauna. Wasu ƙwayoyin cutar sai sun jira gida ya zo rabuwa biyu, katangar rumbu ta faɗi, sannan su samu shiga. Wannan ba ta jira, ta ƙofa take bi. Daga cikin rumbun take ba da umarni a yi ta haifo mata 'ya'ya. Maganin da zan ba ka a tsakar gida yake tsayawa, ya hana a haifi sababbi. Rumbun kuwa ba ya taɓa abin da ke cikinsa. Wanda zai share shi har yanzu ana nema."

Malam ya gyaɗa kai. "Ciyawar wuta-wuta ke nan," in ji shi. "Ka cire ta bana, irinta yana ƙasa yana jiran baɗi."

"Ka gane. Kuma Malam, mai tabo a hanta irin naka, in ya fara ya daina, abin da zai biyo baya ya fi rashin farawar muni."

Na rubuta wannan hirar da tsawonta ne don a san cewa ba jahilci ne ya kashe mijina ba. Ya fahimta sarai, har ya fi ni. Abin da ke cina ke nan.

Aka gwada ni da yaranmu, Allah ya rufa asiri ba mu da ita, ni aka yi mini rigakafi. Muka dawo gida da kwalbar magani. Makon farko ba mu ga wani canji ba, Inna tana kallon kwalbar a kaikaice. Na biyu ya nemi fura da kansa. Kafin wata ya cika ya cinye malmalar tuwo ya ce a ƙaro, na shiga ɗaki na yi sujada. Rawayar idonsa ta riƙa janyewa a hankali har ta tafi. Da rani ya yi, har ya bi wani abokinsa zuwa dam ɗin Watari suka yi noman tumatir, yana tafe da kwalbarsa a aljihu. Duk ƙarshen wata sai a shiga motar birni a sayo magani, don a kyamis ɗin kusa da mu babu, in ma an samu ba ka san asalinsa ba. Kuɗin mota, kuɗin magani, kuɗin gwaji, haka buhunan gyaɗarmu suka riƙa bin hanyar birni ɗaya bayan ɗaya. Mun ji jiki, amma mutumin yana tsaye da ƙafafunsa.

Da bazara aka sake gwajin jini. Likita ta yi murna, ta ce ƙwayar ta yi ƙasa sosai a jini har na'ura ba ta kama ta. A gabana, a gaban Yaya Sale, ta ɗaga yatsa ta ce, "A jini na ce. Na cikin rumbu yana nan. Kada a daina." Yaya Sale rabin farko na maganar ya ɗauko ya kawo gida, sauran ya bar shi a asibiti.

Ashe tun ranar da Malam ya yi sallah a zaune Inna ta yi bakance cewa in Allah ya tashi kafaɗun ɗanta, za ta yanka ragon da take kiwo da hannunta. Rago ne da ta ƙi sayarwa ko da babbar sallah. Aka sa rana, aka yanka, aka yi tuwon shinkafa da waina, malamai suka sauke Alƙur'ani a ƙofar gida. Ni ma na yi murna, ni na tuƙa tuwon. Daga cikin gida ina jiyo Yaya Sale yana faɗa wa jama'a cewa Habu ya warke sarai, likitocin birni da kansu sun duba jininsa ba su ga komai ba. Mutane suka ɗauki kabbara.

A gidan su Malam akwai al'ada tun kakanni: ranar da aka yi sadakar samun lafiya, a ranar ake fitar da kayan jinya, kada ciwo ya ga wurin zamansa ya dawo. Na sha gani ana yi wa masu ƙyanda da masu karaya, ban taɓa kawo komai a raina ba. Bayan la'asar, baƙi mata suna nan cike da tsakar gida, Inna ta naɗe tabarmar da ya yi jinya a kai, ta fasa ƙoƙon jiƙo, ta tattara ragowar saiwoyi a tsohon zani. Sannan ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Saude, kawo kwalbar nan."

Na durƙusa. Na ce, "Inna, wannan ba a dainawa. Likita ta ce ciwon yana nan a ɓoye."

"A ɓoye ina? Ba ga shi can yana cin nama ba?" Ta sassauta murya. "'Yar nan, mun tara jama'a mun gode wa Allah, sannan mu koma ɗaki muna haɗiyar ƙwaya? Wato ba mu yarda da kyautar da ya yi mana ba ke nan?"

Matan suka ce gaskiya ne, Inna. Wata ta ce ai magani in ya yi yawa shi ma cuta ne. Ana haka Malam ya shigo. Na dube shi ina jiran ya buɗe baki, shi da ya kawo misalin wuta-wuta da kansa. Ya dubi mahaifiyarsa tsaye da ƙullin zani, ragonta yana cikin tukwanen mutane. Ya shiga ɗaki, ya ɗauko kwalbar, ya sa mata a hannu.

Da baƙi suka watse na tare shi. Na ce, "Malam, ka san abin da ka yi?"

"Na sani. Ki bari abin ya lafa. Ba zan kunyata ta a gaban mutane ranar farin cikinta ba. Mako mai zuwa in shiga birni in sayo wata."

Mako mai zuwan nan shi ne bai zo ba. Ruwan shuka ya sauka, ya ce in an gama shuka. Aka gama shuka, ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen taki, ya ce in an gama noman fari. Aka gama, ya ce ga maimai ya taso. Kuma abin haushin, lafiyarsa ƙalau. Yana huɗa da shanun haya tun safe, yana dawowa yana cin tuwo kamar saurayi. Ni kuwa na zama mai baƙin baki a gidan. In na ɗauko zancen, sai ya ɗaga mini damtsensa yana dariya ya ce, "Malama, wannan ya yi miki kama da na marar lafiya?"

Ba irin ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Na je wa Yaya Sale, ya ce likitoci kasuwarsu suke ci, wa zai ce maka ka daina sayen hajarsa. Na aika wa limaminmu, Allah ya saka masa, ya kira Malam ya gaya masa cewa shan magani ba ya ɓata godiya, ba ya kuma rage tawakkali. Malam ya ce to, insha Allahu, ya wuce gona. Na sayar da man gyaɗata, na ba wata maƙwabciya mai zuwa birni ta sayo mini kwalba. Na ajiye masa kusa da kwanon koko. Ya sha na 'yan kwanaki, sai ran nan Inna ta shigo ɗaukar wuta ta gani. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kuka ta fashe da shi, tana cewa ashe sadakarta ba ta karɓu ba, ashe ɓoye mata ake yi ɗanta bai warke ba. Malam ya rantse mata ya warke. Don ya tabbatar mata, daga ranar bai ƙara taɓa kwalbar ba.

Na yi fushi, na yi magiya, na yi kwana da kwanaki ba na yi masa magana sai gaisuwa. Mace a gidan miji, tsakanin uwa da ɗanta, iyakarta ke nan.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da abin ya dawo. Wannan karon bai yi sallama ba. Yau ya ce bakinsa ba daɗi, jibi idonsa ya fi na farko rawaya, kafin mako ƙafafunsa sun kumbura takalmi ba ya shiga, cikinsa ya taso yana sheƙi. Ya riƙa barci da rana tsaka, in ya farka ya yi ta maganar da ba ta haɗuwa. Ran nan ya dube ni ya tambaye ni ko an ɗaure shanun da muka sayar tun shekarun baya.

Na ce a tafi asibiti yau. Inna ta ce wannan wani ciwon ne daban, wancan an rufe shi da sadaka, wannan hannun mutane ne, an ga ya tashi an yi masa baki. Aka koma rubutu da turare, aka kuma tayar da tsohon zancen allura. Kusan mako muka ɓata a haka. Sai da na ɗauki mayafina na ce ko da ƙafa ne zan kai shi titi, duk wanda zai hana ni ya zo ya hana, sannan Yaya Sale ya nemo mota. Ruwa ya cinye hanyarmu, sai a amalanken shanu aka fitar da shi zuwa bakin kwalta, ina riƙe da kansa a cinyata.

A asibiti babu gado. Muka yini a baranda, yana kwance a kan zanina, mutane suna tsallake ƙafafunsa. Da likitar ta zo wucewa ta gane mu. Ta tsuguna ta duba idonsa, ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe ya daina?"

"Tun kafin ruwan shuka."

Ba ta yi mana faɗa ba. Na so ta zage mu, da na ji sauƙi. Ita ta yi ta faɗi-tashi har aka samo gado. Bayan an sa masa ƙarin ruwa ta ja ni gefe ta yi mini bayani a hankali. Ta ce duk watannin da yake shan magani, irin nan yana zaune a rumbunan hantarsa ba abin da ya same shi. Da aka janye maganin, sai ya shiga ba da umarni gaba ɗaya, ƙwayar ta cika jini. Sojojin jiki kuma suka taso da ƙarfi, su kuwa ba su da hanyar kashe ta sai su rushe gidajen da take ciki. Hantar da ke da tabo tun da ma ba ta da sauran gidajen da za ta bayar. Ta ce za su mayar da shi kan maganin, za su yi iya yinsu, sauran na Allah ne.

Sun yi ɗin. Sun zuƙe ruwan cikinsa, ya sake taruwa. Sun yi masa allurai ba adadi, kuma ba allurar ce ta kashe shi ba, a rubuta wannan a ajiye. Yaya Sale ya rufe rumfarsa ya tare a asibiti, shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, ya sayar da hatsin da ya ajiye don tsadar damina bai ce uffan ba. Ina jin haushinsa, ina kuma gode masa, duka biyun gaskiya ne. Akwai wata baiwar Allah da ke jinyar ɗanta a gadon kusa da mu, ko sunan garinsu ban riƙe ba, kullum sai ta raba abincinta da ni. Akwai kuma ma'aikaciyar jinyar da ta daka mini tsawa don na tambaye ta sau biyu, ita ma na yafe mata.

Wata rana bayan la'asar hankalinsa ya dawo tas, kamar ba shi ba. Yaya Sale ya fita sayo magani. Malam ya kira sunana daidai, ya ce in matso.

"Saude, na ji abin da likita ta gaya miki. Ke ce da gaskiya."

Na ce, "Ba gaskiya nake so ba, Malam, kai nake so ka tashi."

"Ki yi mini alkawari ɗaya. Kada Inna ta taɓa jin cewa daina maganin ne. Ko daga bakinki, ko daga bakin Yaya. Ni na ɗauko kwalbar da hannuna, ba ita ba."

Wallahi na ji haushi. Na ce, "Ni fa? Ni da yaran fa? Har yanzu ita kake tunani?"

Ya kama yatsuna da hannunsa mai rawaya. "Ke za ki iya ɗauka. Ita ba za ta iya ba."

Na yi masa alkawarin. Da magariba ya koma cikin ruɗewa, bai sake gane kowa ba. Bai kai Juma'a ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ni nake karantar da mata wannan. Amma wanda ya rubuta ajali shi ne ya ce a nemi magani. Don haka ga abin da nake roƙon mai karatu. In idon naka ya yi rawaya, ku je a gwada jini kafin a fara jiƙo, kuma ku daina tsoron allura. A kai jarirai rigakafi tun ranar haihuwa, manya ma su je a duba su. Kowa ya riƙe askarsa. In an ɗora mutum a kan maganin ciwon hanta, ko ya yi ƙiba, ko ya yi huɗar gona goma, ko gwaji ya fito fes, kada ya ajiye sai likitan da ya ba shi ya ce. Ku yi sadakarku, ku yanka ragonku, ku ƙone tabarma in kuna so, amma ku bar wa marar lafiya kwalbarsa. Masu iko kuma su ji tsoron Allah su kawo maganin nan kusa da talaka, a daina sai an shiga birni.

Sunayen da na sa a nan ba namu ba ne, kuma ban faɗi sunan ƙauyen ba da gangan. Inna ba ta karatun boko. Wanda ya karanta ya gane mu, na haɗa shi da Allah kada ya kai mata.

Ina cikin takaba yanzu. Kullum da hantsi Inna takan zagayo da kwanon fura da ta dama da hannunta, ta zauna a bakin ƙofata sai ta ga na sha. Ta rame ƙwarai, ba ta gani sosai saboda kuka. Jiya ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Abin da ke sanyaya mini rai, 'yar nan, wancan ciwon dai Allah ya yaye masa, mun kuma yi godiyarsa yadda ya kamata. Ba mu rage shi da komai ba, ko?"

Na ajiye ludayin. Na ce, "Haka ne, Inna."